Ina da shekara 27 an fara ce min "Mama": tsufa ne ya kama ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 27, ko aure ban yi ba, amma duk inda na shiga sai in ji "sannu Mama" ko "Hajiya me za a kawo?" Rannan wani saurayi sa'an ƙanina ya ce min "ku wuce, Anti." Abin ya tsaya min a rai, kullum ina gaban madubi ina neman tamoji. Ƙawata ta ce akwai mai haɗa man da ke mayar da fuska ɗanya shar. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki saya, kuma babu abin da ya sami fuskarki.

Sunan da baƙo zai kira ki da shi tazarar da ke tsakaninku yake aunawa. Wanda bai san sunanki ba yakan duba nasa shekarun tukuna, sannan matsayinki a wurin, sai shigarki da natsuwarki. A idon ɗan shekara 10, duk wadda ta haura 20 uwa ce. Mai sayarwa kuwa gara ya ɗaga ki da ya sauke ki: in ya ce "Hajiya" bisa kuskure ba mai ganin laifinsa, in ya ce "ke yarinya" bisa kuskure ya rasa ciniki. "Ku" ɗin da saurayin ya yi amfani da ita jam'in girmamawa ce, ana yi wa ƙaramin ma'aikaci ma idan yana bayan tebur. Abin da ke sa ciwo shi ne rashin kalmar tsakiya: daga "'yan mata" sai a tsallaka "Mama" kai tsaye. Samari ma haka suke ji ran da aka fara ce musu "Baba". Wasu ƙasashen sun yi fama da irin wannan rabe-raben: Jamus ta Yamma ta daina amfani da "Fräulein" (kalmar da ake kiran macen da ba ta yi aure ba da ita) a takardun hukuma a 1972, Faransa ta cire "Mademoiselle" (mai irin wannan ma'ana) daga nata a 2012.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wannan zance da ya cika gari cewa duk wadda aka ce wa Mama fatarta ce ta lalace, sai an gyara. Da wannan ƙaryar masu haɗe-haɗen mai suke cin abinci. Robar da ba ta da suna, ba jerin abin da ke ciki, ba ranar lalacewa, me kike tsammani aka zuba? Galibi abu uku ne. Akwai sitiroyid (maganin rage kumburi da ƙaiƙayin fata) mai ƙarfi irin su clobetasol: makonnin farko fuska ta yi sumul, daga nan fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje da nankarwa su fito, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Akwai hydroquinone, sinadarin sa fata haske, wanda in aka daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Akwai kuma makuri (mercury), sinadari mai guba, wanda ke ratsa fata ya taɓa ƙoda da jijiyoyin jiki, har ya kai ga ɗan tayi. Wato abin da kike gudu shi za ki saya da kuɗinki, domin fatar da ta yi siriri ta fi saurin tattarewa. Mai haɗin ba ta san awo ba, ba ta san illa ba, kuma ranar da fuska ta ƙone ba za ta ɗauki wayarki ba. Kuma ko an yi shafar, yaron nan gobe ma "Mama" zai ce.

In kiran ne bai yi miki daɗi ba, ga yadda ake gyarawa. Wanda za ki riƙa haɗuwa da shi, a wurin aiki ko karatu, ki faɗa masa tun ganin farko, da fara'a: "Kira ni da sunana kawai." Sau ɗaya ko biyu ya isa. Kada ki gyara shi a gaban jama'a, kunya za ta sa ya ƙara ja baya. Baƙon minti biyu kuwa amsa gaisuwarsa ki wuce.

In har kin riga kin fara shafa wani haɗi na tsawon makonni, kada ki yanke shi rana ɗaya, fata kan yi bore da ja da raɗaɗi. Ɗauki robar ki kai wa likitan fata ya tsara miki yadda za ki rage a hankali. In kuma duban madubin ya fara cin awanni a rana ko ya hana ki fita, ki gaya masa wannan ma a zama ɗaya.