Injin fere tuffa yana kwaɓe min aiki, laifin wa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gasa kek da fai (gasasshen kwaɓin fulawa mai haɗi a ciki) na tuffa ina sayarwa. Na sayi ɗan injin nan na hannu mai fere tuffa, ya cire tsakiyarta, ya kuma yanka ta. Amma sau da yawa ina murɗa mariƙi tuffar ta ƙi juyawa, wani lokacin kuma ya bar ɓawo nan da can. Jabu aka sayar min?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Da wuya a ce jabu ne. Galibi laifin tuffar ne, ko yadda aka soka ta.

Injin yana riƙe tuffa ne da haƙora uku da ke bakin sandar da kike murɗawa. In tuffar ta yi laushi, haƙoran sai su yage naman cikinta su riƙa juyawa su kaɗai, ita kuwa tana tsaye. Yawancin tuffar kasuwanninmu daga Afirka ta Kudu ake kawo ta, kafin ta iso teburin mai sayarwa ta sha hanya da rana. Ki danna ta da babban yatsa. In ta lotsa, ajiye ta ki fere da wuƙa. Ki nemi koriyar nan mai tsami, Granny Smith, ta fi tauri kuma ba ta narkewa a wuta. Sa ta a firji na awa ɗaya kafin aiki yana ƙara mata ƙarfi.

Wajen sokawa, ja sandar baya gaba ɗaya, ki shigar da haƙoran ta wajen tsinken tuffar, su bi tsakiyarta sak. In ta karkace ko kaɗan, zoben da ke cire tsakiya zai kauce ya bar miki 'ya'ya a cikin yankan. Ki riƙe sandar da ɗaya hannun lokacin turawa, don kada ta lanƙwashe.

Shi kuwa ɓawon da ke saura, ki duba 'yar rezar da ke kan hannu mai sifirin. Akwai noti a jikinta: sassauta shi, turo rezar gaba kaɗan, ki ɗaure. In ta fito da yawa kuma za ta ci miki nama. Bayan kowace tuffa biyu ko uku ki zare ɓawon da ya maƙale a bakinta, shi ne yake toshe ta. Ɗan abin da ya rage a sama da ƙasa, wannan sai wuƙa, injin ba ya kaiwa can.

Tuffar za ta fito a nannaɗe, kaurin yanka kamar milimita 6. Ki tsaga ta gida biyu daga sama, ki zuba nan take a ruwa kofi huɗu da lemun tsami cokali biyu, kada ta yi duhu. Fai mai faɗin santimita 23 yana cin tuffa 6 zuwa 8. Siririn yanka yana saurin fitar da ruwa, to ki tsane shi, ki gauraya da sukari da kirfa, ki bar shi a matsami minti 30, sannan ki barbaɗa garin sitacin masara cokali biyu. In ba haka ba ƙasan fai ɗin zai jiƙe ya yi danƙo.

In gindin injin na roba ne mai mannewa, ba ya kama katako, sai tayil ko abu mai santsi da aka ɗan jiƙa. Da kin gama ki wanke, ki goge ya bushe sarai, ki ɗiga man gyaɗa a zaren sandar saboda tsatsa.