Tambaya da Amsa: Kaka ta rasu ta bar kaset, yaya jikarta za ta mayar da shi fim?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne ina karatun haɗa fim a Ingila, to akwai wata 'yar ajinmu Bayahudiya da ta roƙe ni in riƙe mata kyamara in kuma taya ta editin a dokumentarin da za ta kammala karatu da shi. A kan kakarta ne ta wajen uwa, wadda 'yan Nazi na Jamus suka kwashe daga Hangari zuwa sansanin kisa na Auschwitz da ke Poland a 1944 tana da shekara 15, kuma duk gidansu ita kaɗai ta fita da rai. Tsohuwar ta rasu amma ta bar kaset na bidiyo inda aka yi hira da ita a 1997. Matsalarmu biyu ce. A kaset ɗin ta ce ranar da jirgin ƙasa ya sauke su ƙanƙara na zuba, mu kuma bincikenmu ya nuna ba lokacin sanyi ba ne, shin mu yanke wurin? Sannan mahaifiyar ƙawar tawa ta ƙi yarda a ɗauke ta, ta ce ita uwarta ba ta taɓa ba ta labarin ba har ta mutu. Malam a taimaka mana.
Daga wani ɗalibi a Ingila

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, iyali lafiya lau, Allah ya ba da sa'ar karatu. Gaskiya aikin nan amana ce babba aka ɗora maka, don a ƙiyasin da ƙungiyar Claims Conference mai nema wa waɗanda suka tsira diyya ta fitar a farkon 2024, waɗanda suka tsira daga kisan ƙare dangi na 'yan Nazi a Yaƙin Duniya na Biyu da ya ci ran Yahudawa kusan miliyan 6 ba su wuce mutum 245,000 ba a raye, kuma yawancinsu sun haura shekara 80. Kaga kenan nan gaba kaɗan sai dai kaset da jikoki.

Bari in fara da maganar ƙanƙara don ita ta fi tsaya min a rai. Kar ku yanke wurin nan, don Allah kar ku yanke. Bincikenku daidai ne, an kwashe Yahudawan Hangari kimanin 437,000 ne tsakanin tsakiyar watan Mayu da farkon Yuli na 1944, yawancinsu zuwa Auschwitz, babu ƙanƙara a wannan lokacin. Amma ka tuna a tsakiyar Janairun 1945, da sojojin Tarayyar Sobiyet suka matso, an kora fursunoni kusan 60,000 daga sansanin a ƙafa cikin tsananin sanyi, wanda ya faɗi a hanya a harbe shi, kafin a 'yantar da wurin ranar 27 ga watan. Yana iya yiwuwa ƙanƙarar da take gani ta wannan tafiyar ce, ranar shiga da ranar fita suka haɗe mata wuri guda, yarinya 'yar shekara 15 da aka raba da uwarta a bakin jirgi cikin 'yan mintuna kuma ta zo tana ba da labari bayan shekara 53, ai ba kalanda ta riƙe ba.

Irin wannan ta taɓa faruwa. Dori Laub, likitan ƙwaƙwalwa da shi ma ya tsira yana yaro, wanda da shi aka fara ɗaukar irin waɗannan hirarraki a bidiyo a birnin New Haven na Amurka a 1979, aikin da yanzu yake jami'ar Yale, ya ba da labarin wata mata da ta ce ta ga bututun hayaƙi huɗu na gidajen ƙona gawa sun tashi da wuta ranar da fursunoni suka yi bore a Auschwitz cikin Oktoban 1944. Masana tarihi suka ce a'a, gidan ƙona gawa guda ɗaya ne aka lalata, har wasu suka so a ajiye shaidarta gefe. Shi kuma ya tsaya a kan cewa matar ta shaida abin da ya fi lissafin bututu, wato mutanen da aka gama yanke wa hukuncin mutuwa sun tashi sun yi tirjiya. Ni ina bayansa, amma masana tarihin ma suna da hujja, saboda masu ƙaryata kisan nan irin wannan ɗan kuskuren suke farauta su ce to kun gani duk ƙarya ne. Shi ya sa nake cewa ku bar ta ta faɗi maganarta yadda ta faɗa, sannan jikar da bakinta ta fito ta ce mun duba takardu ga watan da aka kawo su, a nuna takardar a allo. Mai kallo ya ji kakar ya kuma ga takardar, ba ku ɓoye komai ba kuma ba ku ƙaryata tsohuwar ba.

Takardun kuwa ku rubuta wa Arolsen Archives da ke Jamus, ma'ajiyar takardun waɗanda 'yan Nazi suka zalunta, suna da takardu sama da miliyan 30 da suka shafi mutum miliyan 17.5, kuma iyalai na neman bincike kyauta. Ku duba ma'ajiyar sunaye ta Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan da ke Isra'ila, ko wani dangi ya taɓa cike takardar shaida kan iyayenta da ƙannenta. In tana da lamba zane a fatar hannu ku tsayar da kaset ɗin ku karanta ta da kyau, a Auschwitz kaɗai ake yi wa fursuna wannan zanen, kuma lambobin da suka fara da harafin A a watan Mayun 1944 aka soma su, kaga lambar ma za ta iya nuna muku lokacin. Kaset ɗin da kansa, tunda ka ce 1997, ku duba ko na gidauniyar Shoah ce (sunan kisan a Ibrananci) da daraktan fim Steven Spielberg ya kafa a 1994, wadda ta ɗauki hira kusan 52,000 a ƙasashe 56 cikin harsuna 32 tana ba kowa kwafinsa. In nasu ne sai kun nemi izini kafin ku sa a fim, kuma ku roƙi kwafin dijital mai kyau maimakon tsohon VHS da ya sha zama a akwati.

Sai maganar mahaifiyar. Wallahi kar ku takura mata. Da yawa daga waɗanda suka tsira shiru suka yi bayan yaƙi, wasu don kar su ɗora wa 'ya'yansu nauyin, wasu don ba a ma son ji, sai bayan shari'ar Adolf Eichmann, jami'in Nazi da ya tsara kwashe Yahudawa, a 1961 da shaidu sama da 100 suka yi magana duniya na sauraro aka fara buɗe baki sosai. Matar nan ta girma a gidan da babu kaka babu kawu babu inna, kuma ba a tambaya, sai ga shi uwarta ta zauna ta zayyana wa baƙo da kyamara abin da ba ta taɓa gaya mata ba. Dole abin ya yi mata ciwo. Jikoki kuwa sun ɗan fi nisa da raunin shi ya sa sukan iya tambaya.

Abin da zan ba da shawara, ƙawarka ta je wajenta ita kaɗai, kai da kyamararka ku zauna a gida. Kar ta tambaye ta Auschwitz, ta tambaye ta yadda uwarta take a gida, waƙar da take rerawa, abin da ke tashinta da dare, yadda take yi da ragowar burodi. In ta yarda da murya kawai ba fuska, ku karɓa. In ta ce sam, to a faɗa a fim ɗin cewa ta ƙi kuma an mutunta ta, kuma a nuna mata fim ɗin kafin kowa ya gani.

Kai kuma a wajen editin ka riƙe hannunka. Inda tsohuwar ta yi shiru na daƙiƙa goma tana murza zoben hannunta, bar shi haka, kar ka cusa kiɗa mai sa kuka, kar ka liƙa hotunan gawarwaki daga wani sansani daban don cike gurbi. Daraktan Faransa Claude Lanzmann ya yi fim ɗin Shoah na 1985 a kan wannan kisa mai tsawon sama da awa tara ba tare da tsohon hoton yaƙi ko ɗaya ba. Ku ba rayuwarta kafin 1944 da bayan 1945 fili sosai, sunan garinsu, sunayen ƙannenta ɗaya bayan ɗaya, aurenta, sana'arta, don tattaɓa-kunnen da za su kalla su san ta a matsayin kakarsu. In kun gama, cikakkiyar hirar da ba a yanke ba ku ajiye ta a wurare uku daban, ku rubuta sunan kowa a bayan kowane hoto yanzu da mahaifiyar ke raye tana iya gane fuskoki.