Jaririna ba ya barci sai a nono: in bar shi ya yi ta kuka?

Tambaya: Likita, ɗana yana da wata 7. Da dare yakan farka sau huɗu ko biyar, kuma ba ya komawa barci sai na ba shi nono ko na rungume shi. Ana ta ce mini ni na sangarta shi, wai in kwantar da shi in ja ƙofa, ya yi kukansa har ya gaji, zai daina. Zuciyata ta ƙi yarda, amma gajiya ta kai ni maƙura. Yaya zan yi?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Ki fara cire wa ranki maganar sangarta. Yaro ɗan wata 7 bai san dabara ba, abin da ya sani shi ne ya farka cikin duhu kuma wadda ya dogara da ita ba ta kusa.

Barci zagaye-zagaye yake tafiya. Na babba yakan ɗauki kamar minti 90 kafin ya sake sabo, na jariri kuwa minti 50 zuwa 60 ne kawai. A ƙarshen kowane zagaye barcin yakan yi sauƙi, mutum ya ɗan motsa. Ke ma kina farkawa haka, sai dai kina juyawa ki ci gaba ba tare da kin tuna ba. Shi kuwa in barci ya ɗauke shi da nono a baki, sannan ya buɗe ido ya ga babu nono babu ke, dole ya kira. Ga kuma shekarun da yake ciki: daga wajen wata 6 zuwa 9 yaro ke fara gane cewa uwa tana nan ko da ba ya ganinta, shi ya sa ƙiwa ke tasowa a daidai wannan lokaci, farkawar dare ma ta ƙaru.

Masanin nan ɗan Ingila John Bowlby, wanda ya kafa nazarin shaƙuwar yaro da mai renonsa, ya nuna cewa neman kusanci buƙata ce ta halitta kamar yunwa. A shekarar 1972 Mary Ainsworth da Silvia Bell suka wallafa abin da suka gani a gidajen wasu iyalai a Amurka: jariran da ake saurin amsa kukansu a watannin farko su ne suka fi ƙarancin kuka zuwa ƙarshen shekarar. Ba na cewa iyayen da suka bi wata hanya sun cuci 'ya'yansu. Abin da nake cewa, tunda zuciyarki ba ta yarda ba, babu dole a kanki.

To amma ba a ce ki zauna haka kina ta galabaita ba. Gyaran yana wurin barcin farko na dare, domin yadda ya kwanta haka zai nema in ya farka. Ki tsayar da tsari ɗaya kullum, gajere: wanka ko goge jiki, rage haske, shayarwa, sannan rarrashi da murya ƙasa-ƙasa. Ki lura da shi tun kafin ya fara rigima. In kin ga yana murza ido, yana jan kunne, ko ya kau da kai daga abin wasa ya zuba wa wuri ɗaya ido, lokaci ya yi. Yaron da ya wuce wannan gaɓa ya fi wuyar kwanciya, ba sauƙi ba.

Sai ki fara raba nono da barci kaɗan-kaɗan. Idan tsotson ya yi sanyi, leɓensa na motsi kawai ba ya haɗiya, ki sa ɗan yatsanki a gefen bakinsa ki zare nonon a hankali, ki riƙe shi a ƙirji. Ya nema da kuka, ki mayar masa, ki sake gwadawa bayan ɗan lokaci. Da ya saba yin barci a ƙirji, sai ki koma kwantar da shi da sauran ido-biyu, tafin hannunki a kan ƙirjinsa. Daga baya hannun ma zai rage, muryarki ta wadatar. Wannan aikin makonni ne, kuma haƙori ko mura kan mayar da hannun agogo baya, kada hakan ya karya miki gwiwa. Da tsakar dare kuma, ba kowane gurnani ne farkawa ba. Ki ɗan saurara tukuna, sau da yawa barcinsa yake yi. Idan kukan gaske ne, ki je. Shan nono sau ɗaya ko biyu da dare a wata 7 ba laifi ba ne.

Akwai abin da ba na sassautawa a kai. Kullum a rigingine za a kwantar da shi, kan katifa mai tauri, babu matashi, babu bargo mai kauri ko 'yar tsana kusa da fuskarsa. In ya iya juyawa gaba da baya da kansa, ki bar shi yadda ya juya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyaye, a shimfiɗarsa daban, aƙalla wata 6 na farko. Kada barci ya kwashe ki da shi a kan kujera mai laushi, nan ne haɗarin toshewar numfashi ya fi yawa. Kada kuma ya kwana gado ɗaya da mai shan taba, ko wanda ya sha maganin da ke sa barci mai nauyi.

Ke ma mutum ce. Ki nemi mahaifinsa ko wani na kusa ya karɓi rarrashin farkon dare ki samu sa'o'i uku ko huɗu a jere. Ranar da kika ji ranki ya ɓaci har hannunki na rawa, ki ajiye shi a shimfiɗarsa, ki fita minti kaɗan ki huce. Kada a taɓa girgiza jariri da ƙarfi, yana iya lalata ƙwaƙwalwa. Idan kuwa yana munshari kullum, numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, nauyinsa ba ya ƙaruwa, ko ke kanki baƙin ciki ya ƙi barin ki, ki je asibiti a duba ku duka biyu.