Raɓa mai daskarewa a fiffiken ƙaramin jirgi

Malam, tambayarka ita ce wai 'yar siririyar ƙanƙarar da ke kwana a fiffiken jirgi har ta isa ta hana shi tashi, kuma ya matuƙa suke yi a ƙauyukan Alaska da arewacin Kanada inda babu motar da ke fesa wa jirgi ruwan narkar da ƙanƙara? Wallahi ta isa. Ba nauyinta ne matsalar ba, kaushinta ne, kamar sanfefa, sai ta ɓata yadda iska ke bi ta saman fiffike, ƙarfin ɗagawa kan iya raguwa da kusan kashi 30 cikin ɗari. A 1989 a Dryden ta Kanada jirgi ya faɗi jim kaɗan da tashi saboda ƙanƙarar fiffike, mutum 24 suka rasu.

Su masu ƙananan jirage irin Piper Super Cub da Cessna 185 tun da yamma suke lulluɓe fukafukai da jela da mayafi na musamman, su rufe injin da bargo, da asuba a yaye a karkaɗe, abin da ya rage a share da tsintsiya ko buroshi mai laushi, wasu ma igiya suke jefawa kan fiffiken mutum biyu suna ja gaba da baya har ta goge. Sannan a dumama injin da hita, don baƙin mai yana yin kauri kamar zuma. Ruwan zafi zalla kuwa haɗari ne, zai gangara cikin mahaɗan fiffike ya sake daskarewa, sai dai ruwan gilaikol, wato sinadarin da ke narkar da ƙanƙara, in an samu. Kuma kar a yarda da ido kawai, a cire safar hannu a shafa fiffiken, don wata ƙanƙarar garau take kamar gilashi.