Ga mai neman tsibirin da zai haɗa golf da wasan ruwa

Malam, na karanta tambayarka: kai da ƙanenka za ku tafi hutun kwana takwas, kai golf ne ya dame ka, shi kuma ruwa yake so, kuna ta kai-kawo tsakanin Zanzibar da Morishus, ba ku san wanda za ku ɗauka ba, ba ku kuma tsayar da watan tafiya ba. Morishus na je sau biyu. Tafiyar farko kusan asara ce, ta biyun ce na ci moriyarta, don haka bari in gaya maka abin da ya bambanta su.

Zanzibar dai ka ajiye ta gefe muddin golf na cikin lissafi da gaske. Ƙanenka zai ji daɗinta, musamman bakin ruwan Paje, amma kai filin mai ramuka 9 za ka yi ta maimaitawa har ka gaji. Morishus kuwa golf ya yi jijiya a can tun da daɗewa. Kulob ɗin Gymkhana da ke Vacoas tun 1844 ake buga wasan a cikinsa, zamanin mulkin Ingila, kuma yanzu filaye masu ramuka 18 suna warwatse a gabas da kudu da yamma.

Abin da babu wanda ya gaya mini kafin tafiyata ta farko shi ne maganar iska. Ni hotuna kawai na kalla, na ga farin yashi da shuɗin ruwa a Belle Mare da ke gabar gabas, na kama ɗaki a watan Yuli. Ashe tsibirin yana kudu da layin da ya raba duniya biyu ne, lokutansa a juye suke. Daga Mayu zuwa Oktoba sanyinsu ke nan, kuma a tsakiyar wannan lokaci, wato Yuni zuwa Agusta, wata iska ke tasowa daga kudu maso gabas, ta wuni tana kaɗawa, gabar gabas ce take fara duka. Ba sanyin da zai hana ka fita ba ne, amma ka buga ƙwallo ta miƙe sarai, sai ka ga iska ta karkatar da ita ta zuba cikin tafki. Na zubar da ƙwallaye a zagaye ɗaya fiye da yadda nake zubarwa a wata guda. Abokin tafiyata kuma da ya zo don ya sa tabarau da bututun numfashi ya kalli kifaye, ruwa ya gurɓace masa da yashi, ga shi yana fitowa jiki na rawa. Kwana biyu mai kwale-kwalen da muka yi magana da shi yana cewa a bari sai gobe.

Kafin ka zaɓi wata, zauna da ƙanenka ka tambaye shi wane wasan ruwa yake nufi, don ba duka ne suke son yanayi ɗaya ba. Idan irin wanda ake tsayawa a kan allo ne, babbar lema tana sama iska na jan mutum yana sululu a kan ruwa, to iskar nan da ta ɓata mini wasa ita ce abin nemansa. Wurinsa Le Morne, can kusurwar kudu maso yamma, ƙarƙashin wani tsauni mai tsawon mita 556 inda bayi da suka gudu suke ɓuya a dā, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Ruwan wurin akwai sashen da bai da zurfi, masu koyo suna tsayawa da ƙafarsu. Akwai kuma igiyar ruwan da ake kira One Eye a bayan murjani, wannan ta gwanaye ce, kada zumuɗi ya kai shi. Idan kuwa nutso yake so ko kallon kifi ko tuƙa ƙaramin kwale-kwale, ruwa mai kwanciya yake buƙata, kamar yadda kai ma kake buƙatar iska ta lafa. A nan bukatunku sun haɗu.

Karo na biyu a Oktoba na je, na sauka a yamma, kusa da Flic en Flac. Duwatsun tsakiyar tsibirin suna tare iska, ruwan yammacin a kwance yake yawancin safiya, zafin bai kai na Janairu ba. Daga Janairu zuwa Maris ni ba zan ba ka shawara ba: zafi da gumi, ruwan sama mai ƙarfi, kuma lokacin guguwar teku ne. Ba kowace shekara take faɗa wa tsibirin ba, amma mai kwana takwas kacal ba shi da kwanan da zai bayar.

Kada ƙanƙantar tsibirin ta ruɗe ka. A taswira tsawonsa bai wuce kilomita 65 ba, faɗinsa wajen 45, sai ka ɗauka ko'ina kusa ne. Daga gabas zuwa Le Morne awa ɗaya da rabi ce ko fiye, ta hanyoyin da ke ratsa gonakin rake da ƙananan garuruwa, kuma ta hannun hagu ake tuƙi. Wanda ya sauka a gefe ɗaya yana zuwa wasa ɗaya gefen kullum, a mota zai yi hutunsa. Daga yamma filin Tamarina yana kusa da kai, na Paradis a gindin tsaunin Le Morne, na Heritage a Bel Ombre in ka ƙara gaba kudu. Ka sauke ƙanenka a bakin ruwa, ka wuce filinka, ku haɗu da azahar.

Gabas kuwa ka ware mata rana guda cur, don filin Île aux Cerfs bai kamata ka dawo ba ka taka shi ba. Bernhard Langer, shahararren ɗan golf na Jamus, shi ne ya tsara shi, a kan wani ɗan tsibiri yake, da jirgin ruwa ake tsallakawa. Filin ba ya yafiya: itatuwan bakin ruwa, baƙaƙen duwatsu na aman wuta, ruwa ta ko'ina. Ka tafi da ƙwallaye ninkin abin da ka saba ɗauka, kuma kada girman kai ya sa ka fara bugu daga can baya. Kusa da shi akwai filin Anahita da Ernie Els, ɗan golf na Afirka ta Kudu, ya tsara, mai faɗi, ya fi sauƙin sha'ani ga irina. Ranar ma ƙanenka ba zai yi zaman banza ba, tsibirin da kake wasa a kai cike yake da masu kwale-kwale.

Zagayen ramuka 18 yana cin awa huɗu zuwa huɗu da rabi, don haka ka nemi lokacin farawa na sassafe, kuma ka kama shi tun kafin ka tashi, don na safe ne ke fara ƙarewa. Rana tana faɗuwa da wuri, a lokacin sanyinsu kafin shida ta yi duhu ya fara. Wasu otal-otal suna da filinsu, baƙonsu yana wasa ba tare da biyan kuɗin fili ba, amma ka tambaya a rubuce ko har da 'yar motar zagayawa, don sau da yawa ita daban ake cajinta. Ka tafi da takardar shaidar matakinka a wasan, wasu filayen suna nema, da riga mai kwala. Sandunanka kuma ka duba ƙa'idar jirgin da za ka hau. Idan zagaye biyu kawai za ka yi, haya ta fi jan jaka a filin jirgi. Ni da na yi huɗu, nawa na ɗauka.

Saura maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, ta nutso da tukunyar iska. Wanda ya yi nutso ba ya hawa jirgin sama nan take, saboda iskar naitirojin da jiki ya sha a ƙarƙashin ruwa tana buƙatar lokaci ta fita. In matsin iska ya ragu da sauri sai ta zama kumfa a cikin jini. Ƙa'idar da masu koyarwa ke bi ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa, ni kuma kwana guda nake bari. Saboda haka ku sa nutso a farkon mako, ranar ƙarshe ta zama ta golf ɗinka, shi ya zo ya tuƙa maka mota. Idan bai taɓa yi ba, kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da ke ba da shaidar koyon nutso, kwana uku zuwa huɗu ne, yana ba mutum damar sauka har mita 18, kuma ana iya gama karatun ta intanet kafin tafiya. Inshorar tafiya ma ku karanta ta da kyau, da yawa ba sa ɗaukar nutso ko wasan lema sai an ƙara.

Ku saya takalmin shiga ruwa. Akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke maƙale a duwatsun bakin teku, abokina ya taka ɗaya a kwana na biyu, sauran kwanakin ɗingishi ya yi ta yi. In kun samu safiya guda ba kowa da shiri, ku je Blue Bay kusa da Mahébourg, ku shiga kwale-kwale mai gilashi a ƙasa. Tana dab da filin jirgi, ko ranar komawa ma za ta yiwu, tunda kallo ne daga sama ba nutso ba.