Tambayi Bakanike: An turo mini hotunan inji daga Legas, in biya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina haya da Corolla ƙirar 2004, ta Amurka, mai otomatik, tsakanin ƙauyenmu da Ringim da Kano. Injina ya buga. Wani dillali a kasuwar Ladipo ta Legas ya turo mini hotuna huɗu ta WhatsApp, ya ce Beljiyam ne, ba a taɓa kwance shi ba, in tura kuɗi ya ɗoro shi a mota. Injin sai ƙyalli yake. Ta yaya zan gane shi ne na motata?
Direba, daga ƙaramar hukumar Ringim

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Kar ka tura ko sisi tukuna, hotuna huɗu ba su isa ba, ƙyallin nan kuwa fetur ne da buroshi.

Injin motarka sunansa 1ZZ-FE, mai lita 1.8. Yana da ƙanne biyu da aka sa wa Corolla ta Turai, 3ZZ-FE mai 1.6 da 4ZZ-FE mai 1.4, kuma a hoto kusan ba a bambance su. Baƙar robar da ke sama mai rubutun VVT-i ba shaida ba ce, ana cire ta a ɗora wa wani cikin minti ɗaya. Shaidar tana jikin bulok, a wani ɗan fili mai santsi kusa da inda giyabos ke haɗuwa da inji. A nan kamfani ya buga sunan injin da lambarsa. Ka ce ya goge wurin, ya ɗauko shi kusa, da takarda a gefe mai sunanka da kwanan watan ranar, don kada a turo maka hoton injin da aka sayar tun bara. In haruffan sun karkace, ko wurin ya nuna alamar an goge shi da giranda, ka bar cinikin nan. Wanda ya sa 1.4 da birenbos (kwamfutar da ke sarrafa inji) ɗin 1.8 zai ga mota tana shan mai, ga rashin ƙarfi in an yi lodin buhuna ranar kasuwa.

Ko da 1ZZ ɗin ne, da saura. Corolla ta Amurka ta 2003 da 2004 totur ɗinta na kebul ne, daga 2005 aka koma na lantarki. Ka nemi hoton bakin totur: in akwai ɗan faifan da kebul ke naɗewa, irin naka ne, in baƙin akwati ne da soket, na baya ne, sai an mayar da manifol da totur na tsohon injinka a kai. Ana yi, amma ka san da shi kafin ku yi tsada. A nuna maka bayan injin kuma. Farantin otomatik siriri ne, fulawil na mai kulochi kuwa kauri gare shi. In na mai kulochi ne a jiki, sai an mayar da farantin tsohon injinka. Saboda haka kar ka bar 'yan gwangwan su ɗauke tsohon injinka sai sabon ya tashi.

Batun "ba a taɓa kwance shi ba", kawunan notina ne ke tona asiri. Ka duba na murfin sama da na kaskon baƙin mai, in sun ci sifana za ka ga gefensu ya cinye. Gam ɗin kamfani siriri ne, a daidaice. In ka ga ja ko ya tumbatso ta gefe, hannun bakanike ya shiga. Masu cire inji a waje yawanci yanke tiyo da wayoyi suke yi, amma wannan kowa ya iya kwaikwayonsa da wuƙa, kar ka dogara da shi.

A buɗe murfin baƙin mai a ɗauki cikinsa da fitila. Launin shayi da madara na nufin ruwa ya haɗu da mai, gasket ko tof silinda ya tafi. Baƙin dasƙararren mai kamar kwalta na nufin an daɗe ba a juye ba. A cire fulogi huɗun a jera su, a kuma leƙa ramukan da salansa ke ɗaurewa. Jiƙewar mai a nan alamar ringi ne, kuma 1ZZ na kafin 2005 sun yi suna wajen shan baƙin mai. Sannan bidiyo: a sa sifana mai lamba 19 a notin kirankshaf a juya zagaye biyu cikakku, ba tare da ya cije ba.

Duk wannan zai gaya maka wane inji ne da irin riƙon da aka yi masa. Ƙarfin matsinsa kuwa sai an ɗaura an gwada da geji: kada wata silinda ta gaza 145 psi, kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce 15. Don haka ku rubuta yarjejeniyar kwanakin gwaji da wanda zai biya kuɗin mayarwa, da lambar injin a kan rasit, ka riƙe wani kaso na kuɗin sai ya tashi. A ganinmu ma, daga Ringim gara ka ɗauki bakanikenka ku shiga Ƙofar Ruwa a Kano ku juya injin da hannunku, ko da ya ɗan fi tsada. In ya ba da matsala, a rana ɗaya ka mayar.