Kwamfuta na ɗaukewa ba zato: laifin akwatin wuta ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tebur da nake haɗa bidiyon biki da ita a shagona a Zariya. Kwanan nan sai ta riƙa ɗaukewa haka kawai, wani lokaci ta sake tashi da kanta. Na sake sa mata Windows, ba ta daina ba. Mai gyara ya ce in sayi sabon fawa fak, wato akwatin wutar da ke cikin kwamfutar. Yaya zan tabbatar kafin in kashe kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zargin mai gyaran yana da tushe, amma kada ka sayi komai tukuna.

Fara da lura da yadda take mutuwa. Idan shuɗin allo ne ke fitowa da rubutu a kai, galibi matsalar daga RAM take, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ko wata direba, wato manhajar da ke sarrafa wani sashe na injin. Idan kuwa ɗif take yi kamar an zare filogi, musamman daidai lokacin da kake fitar da bidiyo, to wuta ko zafi ne kan gaba a zargi. A lokacin ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da katin hoto ke jan wuta da ƙarfi, kuma gajiyayyen akwati yana iya ɗaukar aikin rubutu duk yini, amma ya gaza a nan. Windows takan rubuta saƙon Kernel-Power mai lamba 41 a cikin Event Viewer, inda take ajiye bayanin abin da ya faru da injin. Mutane da yawa na ganin wannan sai su yanke hukunci, alhali abin da yake nufi kawai shi ne injin ya mutu ba bisa ƙa'ida ba. Bai faɗi dalili ba.

Kafin ka taɓa injin, binciki wutar da ke shigo masa. A garuruwanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne: wutar gari ta yi ƙasa, janareto ya shaƙe idan firiji ya tashi, ko soket ya saki. Ka lura ko tana ɗaukewa a kan janareto kaɗai. Ka cire ta daga doguwar wayar da ta haɗa kaya da yawa, ka sa ta kai tsaye a bango, ko a kan UPS, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, mai lafiyayyen batir. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Sai zafi. Ƙurar hunturu kan toshe fanka har furosesa ya kashe kansa don kada ya ƙone, kuma alamar iri ɗaya ce da ta wuta. Sauke manhajar HWiNFO, akwai ta kyauta, ka duba zafin yayin da kake aiki. Idan ya haura digiri 90 kafin ta ɗauke, share ƙura ka sake man da ake shafa wa furosesa don rage zafi. RAM kuma a gwada shi da manhajar MemTest86, a bar shi ya kwana yana yi.

In duk waɗannan sun fita lafiya, to a koma kan akwatin. Ƙa'idar ATX, wato tsarin da ake ƙera irin wannan akwati a kai, ta yarda wutar waɗannan wayoyi ta kauce da kusan kashi 5 cikin 100 kawai. Wayar rawaya mai bolt 12 ta tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, ja mai bolt 5 tsakanin 4.75 da 5.25, mai ruwan lemo ta bolt 3.3 kuma tsakanin 3.14 da 3.47. A auna da mitar gwada wuta ta masu gyara, a ɗora baƙin tsinkenta a kan baƙar waya, kuma a auna injin na cikin aiki mai nauyi, misali a kunna gwajin wuta na manhajar OCCT. Lambobin da manhaja ke nunawa ban cika amincewa da su ba, don na'urar aunawa ta kan madabod, wato babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kai, takan yi kuskure. Ita ma mitar tana da iyaka: faɗuwar wuta ta ƙiftawar ido ba ta ganinta. Don haka mugun sakamako hujja ne, amma kyakkyawa bai wanke akwatin ba. Haka dabarar nan ta haɗa koriyar waya da baƙa a ga fanka ya juya. Ta nuna yana tashi ne kurum.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne musanye. Roƙi mai gyaran ya ɗaura maka wani akwati mai lafiya, wanda ƙarfinsa ya kai na naka ko ya fi, ka yi aikin da ya saba kashe ta na 'yan kwanaki. Idan ta daina, ka gano ɓarawon. Idan ta ci gaba, kuɗinka na aljihunka, sai a duba madabod ko katin hoto.

Don Allah kada ka buɗe cikin akwatin wutar da kanka. Manyan kafasitocin ciki, wato ma'ajiyar wuta, na riƙe wuta mai kisa bayan an zare filogi. Idan ka ji ƙauri ko ƙarar tartsatsi, kashe nan take, kada ka sake kunnawa. Kuma in Dell ce ko HP ta ofis, tafi da tsohon akwatin kasuwa, don yawancinsu bakin wayarsu ba irin na gama-gari ba ne.